Na gwada ma'aunin tsakiyar nauyi a jirgina na rimot

Jama'a wata biyu kenan ina amfani da 'yar na'urar nan ta auna tsakiyar nauyin jirgin rimot da na yi oda ta intanet, bari dai in faɗi abin da na gani. Tsakiyar nauyi ita ce wurin da nauyin gaban jirgi da na bayansa suke daidaita. Ba wani abu ba ne mai wuya, sanduna biyu ne a tsaye kowanne da ɗan roba a kai inda fiffike ke zama, sai rula biyu masu nuna maka nisa daga bakin fiffike na gaba.

Da can da yatsu nake yi, in sa manuniya biyu a ƙarƙashin fiffike in ɗaga, in ya tsaya sai in ce shikenan. Ashe yatsa faɗi gare shi, ga hannu na rawa, santimita guda sai ta ɓace maka ba ka sani ba. Jirgina na fom faɗin fiffikensa daga gaba zuwa baya santimita 20 ne, kuma a miƙaƙƙen fiffike irin wannan ana so wurin ya faɗo tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 daga gaba, wato santimita 5 zuwa wajen 6 da rabi. Ina ɗora shi sai ga shi a kusan 8! Wallahi nan take na gane abin da ya faru ranar farko, yana barin hannuna ya ɗaga hanci sama ya hau tangal-tangal, ɗan taɓa rimot kaɗan sai ya wuce gona da iri, ƙarshe ya dawo ƙasa da ka farfela ta karye, abin ya yi min ciwo sosai don sati uku na yi ina haɗa shi. Nauyin wutsiya ne ya rinjaya.

Gyaran ma ba tsada, batirin 3S 2200 (mai sel uku, mai ɗaukar caji 2200mAh) na tura gaba har ya kusa taɓa injin da ke juya farfela, na ƙara darma giram 10 a hanci irin wadda masu balansin taya ke mannawa a rim. Na bar hancin ya ɗan sunkuya kaɗan da gangan, hankalina ya fi kwanciya da haka.

Inda ban ji daɗi ba, rulolin suna sassautawa sai ka riƙa ɗaure su kullum, kuma robar guda ta ɓalle tun satin farko sai da na sa gam. A kashe fankar ɗaki kafin a auna, kuma batir na ciki, in jirginka fiffikensa a ƙasa yake to kifa shi za ka yi. Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba, ranar Asabar sau huɗu ya tashi ya sauka lafiya lau.