Hasashe ko tambaya: wanne ya fi taimakon ɗalibi ya fahimci abin da ya karanta da Turanci?

Wata malama, wadda ke koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare, ta ce ɗalibanta suna iya karanta nassi a bayyane ba tare da in'ina ba, amma da zarar an rufe littafi aka tambaye su abin da suka karanta sai ajin ya yi tsit. Ta ji ana yabon dabaru biyu, wato a sa ɗalibi ya yi hasashen abin da nassi zai faɗa kafin ya karanta, da kuma a sa shi ya riƙa ƙirƙiro tambayoyinsa yayin karatu, kuma tana son sanin wadda ya kamata ta ba lokacinta, tunda darasi minti 40 ne kawai. Malama, ra'ayina shi ne ki ba tambaya kaso mafi girma, ki bar wa hasashe 'yan mintoci a farko, kuma ga dalilan da suka sa na faɗi haka.

Ɗaliban da kika kwatanta su ne irin waɗanda Annemarie Palincsar da Ann Brown suka yi aiki da su a Amurka, a binciken da suka wallafa a 1984: yara masu iya furta kalmomi daidai amma ba su kama ma'ana. Tsarin da suka gwada ya haɗa dabaru huɗu, hasashe da tambaya da warware abin da ya shige duhu da taƙaitawa, inda malami yake fara nunawa sannan ɗalibai su karɓi jagoranci bi da bi. Don haka tun asali hasashe da tambaya abokan tafiya ne, sai dai aikin kowannensu daban yake.

Hasashe yana aiki ne da abin da ɗalibi ya riga ya sani. Idan kika rubuta taken nassi a allo, kika nuna hoton da ke tare da shi, kika ce su faɗi abin da suke zaton marubucin zai kawo, kin farkar da iliminsu na duniya tun kafin Turanci ya tsaya musu a gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Bahaushe, domin yaron da ya taso yana jin tatsuniya ya san cewa idan Gizo ya fara ladabi ga zaki ko ga kura akwai abin da yake ƙullawa, kuma yana sauraro ne don ya ga ko zatonsa zai tabbata. Masanin koyar da karatu Russell Stauffer ya gina tsarinsa na 1969 a kan wannan ɗabi'a: a yi hasashe, a karanta wani yanki, a tsaya a duba ko hasashen ya yi daidai, sannan a sake wani. Ga shi kuma ba ya cin lokaci, ba ya buƙatar nahawu mai zurfi, kuma ko ɗalibin da ke ɓuya a bayan aji yana iya jefa kalma guda.

Rauninsa yana fitowa ne a wurare biyu. Na farko, idan nassin ya shafi abin da ɗalibi bai taɓa gani ba, kamar jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin birnin Landan, babu abin da zai ɗora hasashe a kai, sai abin ya koma canki-canka. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne ɗalibin da Turancinsa bai yi ƙarfi ba yakan riƙe hasashensa ko da nassin ya ƙaryata shi. A ce nassi ne kan zazzaɓin cizon sauro, yaro ya yi hasashen cewa za a ce shan mangwaro ko yawo cikin rana ne ke kawo shi, kamar yadda yake ji a gida. Marubucin ya ambaci wannan zato, sannan ya ce “however”, wato amma, ya bayyana cewa ƙwayar cuta ce da macen sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum. Yaron ya ga kalmar mangwaro ya yi murna, bai lura da kalmar da ta juya magana ba, ya rufe littafi yana ganin ya fahimta alhali ya ɗauki akasin abin da aka rubuta. Saboda haka hasashen da ba a dawo an gwada shi da nassi ba yana iya yin ɓarna, kuma dole ne ki riƙa tambayarsu layin da ya tabbatar da zaton nasu ko ya rushe shi.

Tambaya kuwa tana aiki ne da nassin kansa. A nan ba ina nufin tambayoyin auna fahimta da ke ƙarshen darasi a littafi ba, waɗanda ɗalibanmu suka ƙware wajen amsa su ta hanyar neman kalmar da ta yi kama da ta cikin tambaya su kwafe jimlar gaba ɗaya. Ina nufin ɗalibi ya karanta sakin layi ya tsara tambayar da zai yi wa abokin zamansa. Ba zai iya yin haka ba sai ya tantance abin da ya fi muhimmanci a sakin layin, kuma idan ya kasa samar da tambaya ko ɗaya, shi da kansa zai gane cewa bai fahimta ba, wanda shi ne abin da karatu a bayyane yake ɓoyewa. Kwamitin nazarin karatu na ƙasar Amurka, a rahotonsa na 2000, ya sanya ƙirƙirar tambaya cikin dabarun da suka fi samun hujja mai ƙarfi, ko da yake rahoton bai duba masu koyon Turanci a matsayin harshe na biyu ba, don haka sai mun yi wa dabarar gyara kafin ta dace da ajinmu.

Gyaran da nake nufi ya shafi nahawu. A Hausa, idan aka ce Musa ya tafi kasuwa, tambayar ita ce ina Musa ya tafi, ba a taɓa aikatau ba. A Turanci sai an shigo da “did”, an sa shi gaban mai aiki, an kuma mayar da aikatau siffarsa ta asali. Ɗalibin da ke da tambaya mai kyau a ransa zai iya yin shiru don tsoron wannan gini, ke kuma ki ɗauka bai fahimci nassin ba. Ki bar su su fara tsara tambayar da Hausa a tsakaninsu, sannan a mayar da ita Turanci a allo tare. Wasu shugabannin makarantu ba sa son jin Hausa a darasin Turanci, na san da haka, amma mintoci biyar na tunani da harshen uwa sun fi min minti 40 na shiru da Turanci.

Akwai kuma matsalar ingancin tambaya, domin idan aka bar su haka nan duk za su tsaya a kan wa da ina da yaushe. Rabe-raben da Taffy Raphael ta fito da su a shekarun 1980 suna da amfani a nan: akwai tambayar da amsarta ke cikin jimla ɗaya, akwai wadda sai an haɗo amsarta daga wurare daban-daban na nassin, akwai wadda sai mai karatu ya haɗa abin da marubuci ya faɗa da abin da shi ya sani, akwai kuma wadda amsarta ke kansa kaɗai. Ki wajabta wa kowane rukuni tambaya ɗaya aƙalla mai farawa da me ya sa ko ta yaya. Irin waɗannan ne ke shirya su wa takardar Turanci ta WAEC da NECO, inda ake neman ɗalibi ya fito da abin da marubuci yake nufi, ya kuma taƙaita nassi cikin jimlolinsa na kansa.

Dabarun biyu suna da iyaka guda, ita ce yawan kalmomin da ɗalibi ya sani. Batia Laufer a 1989 ta nuna cewa mai karatu da harshe na biyu yana buƙatar sanin kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin nassi kafin ya samu fahimta mai dama-dama, Hu da Paul Nation kuma a 2000 suka kai adadin kashi 98 ga wanda zai karanta ba tare da taimako ba. A nassi mai kalmomi 200, wannan na nufin baƙin kalmomi tsakanin 4 da 10 ne kawai. Idan ɗalibanki suna cin karo da 30, ki sauya nassin ko ki koyar da kalmomin tukuna.

A minti 40 ɗinki, ki ba hasashe minti 4 ko 5, ki rubuta zato uku a gefen allo ki bar su a nan. Su karanta sakin layi na farko a zuci, kowane benci ya tsara tambaya biyu ya miƙa wa bencin baya, masu amsa kuma su nuna layin da suka dogara da shi. A maimaita haka a sauran nassin, kuma duk inda aka ci karo da “however” ko “although” ko “therefore” a tsaya a tambayi abin da suke zaton zai biyo baya. Mintoci biyar na ƙarshe a koma gefen allo, a soke zaton da nassin ya rushe, wanda ya kawo shi ya karanta layin da ya rushe shi.