Bitar Kundin Finafinan Rohmer: Ruwan Ido a Bakin Tekun Dinard

A shekarar 2024 kamfanin Criterion na Amurka ya tattara finafinai huɗu na Éric Rohmer, mai shirya finafinai ɗan ƙasar Faransa, a kan faifan Blu-ray cikin kundi ɗaya, kowane fim yana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin lokutan shekara huɗu na Turai, kuma an shirya su ne tsakanin 1990 da 1998. Na kalli dukkansu, amma wanda ya sa na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne na bazara, Conte d'été, wanda ya fito a 1996, lokacin da mai shirya shi ya haura shekara 75 da haihuwa. Abin mamaki ne a ce dattijo mai waɗannan shekarun ne ya fi kowa gane yadda zuciyar saurayi ke kai-kawo.

Labarin ba shi da yawa. Gaspard, wanda Melvil Poupaud ya fito a matsayinsa, matashi ne da ya kammala karatun lissafi, ya sauka a garin Dinard da ke gaɓar tekun yankin Bretagne na Faransa rataye da gita, yana jiran budurwarsa Léna wadda ba ta tsayar masa da ranar zuwanta ba. Mintunan farko kusan babu magana: muna ganinsa yana ajiye kaya a ɗakin da aka ara masa, yana ratsa cunkoson masu hutu shi kaɗai, yana cin abinci ba tare da ya ɗaga kai ya dubi kowa ba. Daga nan ya saba da Margot, ɗalibar nazarin al'adu da ke taya aiki a gidan abincin gwaggonta, sai kuma Solène, wadda ba ta son ɓoye-ɓoye, tana neman a faɗa mata matsayinta kai tsaye. Kafin hutun ya ƙare, ya yi wa kowace daga cikin ukun alƙawarin tafiya tsibirin Ouessant.

A nan ne gwanintar Rohmer take. Bai mai da Gaspard mayaudari ba, bai kuma wanke shi ba. Ya nuna mana mai ruwan ido ne kawai, wanda ke ɗaukar rashin yanke shawara a matsayin ƙaddara. Waƙar masu jirgin ruwa da ya tsara da nufin Léna, sai ga shi ya miƙa wa Solène tana rerawa, kuma fuskarsa ba ta nuna ya san ya yi wani abu ba. Mafi daɗin fim ɗin shi ne doguwar tafiyar ƙafa da yake yi da Margot a bakin ruwa, suna hira kamar abokai, ita tana warware masa ƙaryar da yake yi wa kansa cikin murmushi, alhali mai kallo ya riga ya gane cewa da ita ya fi dacewa. Amanda Langlet, wadda Rohmer ya fara saka ta a fim ɗin Pauline à la plage a 1983, ita ce ta fito a Margot, kuma a ganina ita ce ke riƙe da fim ɗin gaba ɗaya.

Ta fuskar kayan kansu, an gyara hoton sosai, har hasken rana da Diane Baratier ta ɗauka a kan yashi ya fito tas ba tare da an yi masa ƙarin armashi ba, kuma ana jin iska da motsin igiyar ruwa a ƙarƙashin hirar. Sai dai mai saye ya lura da abu biyu. Fassarar da ke ƙasan allo ta Turanci ce, kuma da yake finafinan nan magana ce tsagwaronta, wanda bai saba karanta rubutu da sauri ba zai sha wahala. Na biyu, faifan na shiyyar Amurka ne, don haka na'urorin da aka yi wa Turai da Afirka ba za su karanta shi ba sai in masu buɗe kowace shiyya ne.

Sauran ukun ba su da laifi, na kaka ma yana da zurfi, amma na farkon, wato na 1990, ya ɗan yi mini sanyi. Shi kuwa Gaspard, da alƙawuran suka taru suka yi masa gaba kura baya sayaki, wayar wani aboki ce ta cece shi da labarin na'urar naɗar sauti da za a sayar da araha a La Rochelle. Ya tattara kayansa, Margot ce kaɗai ta rako shi bakin jirgin ruwa.