Kafin ka sayi maganin "tunani ya yi yawa" a Kumasi

Yayata tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Shekara biyu ke nan bashin kaya da kuɗin haya da na makarantar yara suna cin ta, har ta kai tana ba mai saye canji sau biyu, ko ta yi ta neman makullin shago alhali yana ƙulle a bakin zaninta. Ranar da na je gidanta a Aboabo na tarar da kwalabe uku a kan tebur da ƙwayoyi a leda. Na ce, "Yaya, duk waɗannan na mene ne?" Ta ce, "Na barci ne, ƙanina. Tunani ya yi mini yawa."

Mantuwar nan tata ba tsufa ba ne. Idan hankali ya tashi, wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin kotizol, ya ƙara sukari a jini, ya shirya jiki gudu ko faɗa. Na ɗan lokaci, taimako ne. Amma in damuwa ta yi wata da watanni ba sauƙi, hifokamfas, wato sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka tuna, yakan raunana. Amigdala, mai buga ƙararrawar tsoro, ta ƙara kaifi, sashen goshi mai auna shawara kuwa ya yi sanyi. Daga nan mantuwa take fitowa, da saurin fushi, da ido biyu har asuba. Ƙwaƙwalwa tana iya farfaɗowa in nauyin ya ragu, don haka duk abin da za ka saya, tambaye shi: nauyin yake ragewa, ko kwantar da kai kawai yake yi?

Ƙwayoyi su ne mafi sauƙin samu, kuma su na fi tsoro. Diazepam yana sa barci, amma cikin 'yan makonni jiki yakan saba da shi, kuma shi kansa yana taɓa tunawa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, sai da likita. Tramadol kuwa, da ya addabi samarinmu a zango, maganin ciwo ne daga dangin ofiyom, ba ruwansa da damuwa, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya. In ba da takardar likita ba, kada kuɗinka ya je nan.

Kwalaben gargajiya da ake tallatawa a tasha da cikin trotro, wato ƙananan motocin haya, fa? Ba na raina itatuwa. Sai dai duba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa, ka karanta abin da ke ciki, domin wasu masu ɗacin nan da barasa ake jiƙa su. Mai shan maganin hawan jini ya nuna wa mai harhaɗa magani kwalbar tukuna.

Akwai kuma abin da daina saye shi ne maganin: ataya mai kauri da lemon ƙara kuzari. Kusan rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini bayan awa 5. A tsaya daga la'asar, tunda babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

Tsakanin biyan kuɗin gidan motsa jiki da sayen takalmi mai laushi, takalmin na zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri bayan sallar asuba, kafin titi ya cika, ta wadatar, kuma mata in sun fita su biyu su uku, hirar ma tana sauke kaya daga zuciya.

Na'urar awon hawan jini ta cancanci kuɗinta. Ɗauki ta damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci, ka tabbatar madaurin ya dace da kaurin hannunka. Zauna minti 5 kafin awo. In kana yawan ganin 140/90 ko sama, nufi asibiti.

Ganin ƙwararre shi mutanenmu suka fi gudu, wai kada a ce sun taɓu. Wannan kunyar tana cutar da mu ƙwarai. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, inda ake jinya da zance ba da ƙwaya kaɗai ba. Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma a 2024 an sa baƙin ciki mai tsanani da ciwon fargaba cikin abin da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, yake ɗauka. Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, kuma ba su hana zuwa asibiti. Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba jin daɗin komai, ya je. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa, a raka shi ranar.

Yaya ta yarda na raka ta da ledar ƙwayoyin, likita ya tsara mata yadda za ta rage su. Ta sayi na'urar damtse, yanzu kullum safiya tana rubuta awonta a bayan littafin bashi kafin ta fita tafiya da maƙwabciyarta.