Wasiƙa daga bakin tekun Fotugal

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Inna, ya yara. Ka ce hotunan da na turo sun ɗaure maka kai, to ga bayani.

Inda nake aiki filin kwana ne na baƙi a kusa da garin Peniche. Mutane na zuwa daga Jamus da Faransa da Ingila, wasu da tanti, wasu da mota mai ɗaki a ciki, su biya kuɗin fili su kwana. Gari na wayewa sai kowa ya ɗauki dogon allonsa ya nufi teku. Mutum zai kwanta a kan allon yana tuƙi da hannu, igiyar ruwa na tasowa ya miƙe tsaye, ta kwaso shi har gaɓa. Arewa da mu akwai Nazare, inda wani kwazazzabo a ƙarƙashin teku, mai zurfin kusan mita 5,000, yake tura ruwa sama idan hunturu ya shigo. A can ne wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau igiya mai tsayin mita 26 a shekarar 2020.

Kayansu na da kyau, amma da tsada. A shagon Decathlon, mai sayar da kayan wasanni, akwai tantin da kana sakinsa yake buɗe kansa, ruwan sama ba ya ratsa shi, sai dai a zafin bazararmu ba mai iya wuni a ciki, rumfar zana ta fi shi. Ruwan tekun akwai sanyi, dole sai da rigar roba mai kama jiki, kuma ita da allon yawanci haya ake yi. Kifi sabo ko'ina, naman yankan Musulmi kuwa sai ka sha nema. A filin namu famfo ba ya ƙafewa, akwai ruwan zafi a makewayi, ga wuta an ja har inda motoci ke tsayawa. Wanda ya kafa tanti a bakin teku ba a wurin da aka keɓe ba, tara ake cinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne masu ceto. Lokacin zafi, duk bakin tekun da jama'a ke taruwa akwai waɗanda aikinsu kenan, su zuba wa ruwa ido daga safe har yamma. Suna kafa tuta: kore a shiga, rawaya a tsaya a gefe kada a yi iyo, ja kuwa ba mai shiga. Ƙananan yara ma sun san wannan. A Nazare ba a barin mai hawan igiya shi kaɗai, akwai masu babur ɗin ruwa da ke jira su fizgo shi idan ya faɗi. Duk wannan tanadin saboda masu wasa aka yi shi. Mu kuwa da muke shiga kwale-kwale don zuwa kasuwa da makaranta, ba mu da ko rigar da ke hana nutsewa. Har yau ina tuna ɗaliban Islamiyyar da suka rasu a ruwan Bagwai a 2021, Allah Ya ji ƙansu, kuma kullum damina sai hankalina ya tashi saboda su Auwalu da ke tsallakawa ta Tiga.

Na tambayi kuɗin rigunan, ba su fi ƙarfina ba idan na riƙa saya kaɗan-kaɗan, kuma akwai na yara. Don Allah ka je ka samu Sarkin Ruwa, ka ji mutum nawa kwale-kwalen mashigarmu yake ɗauka, da kuma ko zai yarda ya ajiye rigunan a wurinsa ya riƙa tilasta wa kowa sakawa. Ka fara tambaya a Kano ma, idan ana samun masu kyau a can sai in turo kuɗin kawai. Ka gaida Inna da Baba Ƙarami.