Mako biyu da MGB a hannun mai Fijo 504

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa Peugeot 504, doguwar nan mai layin kujeru uku, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Kwanan baya wani abokina da zai yi tafiya ya bar mini MGB ɗinsa ƙirar 1971, wata ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, ya ce in riƙa ɗumama ta. Ta yi mako biyu a hannuna.

Ba zan ɓoye ba, ranar farko ta sace mini zuciya. Na naɗe rufinta bayan sallar asuba na kama hanyar Zariya. Mutum yana zaune dab da kwalta, ƙarar injin na shiga har ƙirji, sitiyari kuwa da ka ɗan taɓa ta amsa. Injinta lita 1.8 ne, bai kai na Fijo mai lita 2 ba, amma da yake ba ta da nauyi, a kwana sai ka ji kamar ta manne da titi. Fijo a irin wannan kwanar jingina take yi kamar kwale-kwale.

Sai dai motar Ingila ce, sitiyarinta a dama, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama. Kafin in wuce tirela sai na leƙa da wuya kamar zakara. Ga ta ƙasa-ƙasa, duk tudun rage gudu sai na hau shi a karkace ina addu'ar kada salansa ta taɓa. Bakanikena ya buɗe gabanta, ya ga kafreta biyu, ya rufe ya ce, "Alhaji, wannan kayanta sai an yi odar su. Fijo kuwa ko yanzu ka aike ni Panteka in dawo da injinta sukutum."

Ranar Asabar aka tashi zuwa biki ƙauye. Kujera biyu ce a MGB, mu kuwa mu bakwai ne, ga buhun shinkafa da kuloli. Fijo ta kwashe mu, ta ratsa burji da ramuka ba ko gezau. Ba banza irinta ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba.

Da abokina ya dawo na miƙa masa makullinsa, na roƙi alfarma ɗaya: in sanyi ya shigo, ya ara mini ita safiyar Lahadi.