Ferguson ko Dalglish: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ya fi tsakanin Alex Ferguson da Kenny Dalglish, 'yan Glasgow biyu da suka taka leda kafin su zama koci. In a cikin fili ne, ba ma a haɗa su. Dalglish ya buga wa Sikotland wasa 102, ya ci ƙwallo 30, kuma shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Liverpool kofin Turai a Wembley a 1978. Ferguson ɗan wasan gaba ne mai naci, ya ci 31 a lig a kakar 1965-66 da Dunfermline. Amma a Rangers aka ɗora masa laifin ƙwallon farko ranar da Celtic ta lallasa su 4-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1969, daga nan tauraruwarsa ta dusashe a can.

A benci kuwa Ferguson ne gaba. 'Yan Manchester United kullum kofin Firimiya 13 da ya ci musu suke kawo mana, ni kuwa Aberdeen nake nunawa, kulob ɗin Sikotland da ya horar kafin ya je United. A ƙasar da Celtic da Rangers suka mayar da lig kamar gadon gidansu, ya ɗauke shi sau uku, ya kuma doke Real Madrid 2-1 a Gothenburg a 1983 ya ɗaga kofin Cup Winners' Cup.

Sai dai a yi wa Dalglish adalci. An ba shi Liverpool a 1985 yana koci yana kuma buga wasa, kuma a 1986 shi da ƙafarsa ya ci Chelsea ƙwallon da ta kawo kofin lig. Shekarun da ƙungiyarsa ke ganiyarta duk an haramta wa kulob-kulob na Ingila buga gasar Turai saboda bala'in filin wasa na Heysel, inda 'yan kallo suka mutu a wasan ƙarshe na kofin Turai da Liverpool ta buga a 1985. Sannan ga turmutsutsun filin wasa na Hillsborough a 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Ya yi ta zuwa jana'iza, har huɗu a rana ɗaya. Nauyin ya yi masa yawa, ya ajiye aiki a Fabrairun 1991 alhali Liverpool tana saman tebur.

Da ya dawo, ya ɗauki lig da Blackburn a 1995. Masu cewa kuɗin Jack Walker, attajirin da ya mallaki kulob ɗin, ne suka saya masa kofin su tuna cewa United ta Ferguson ya tsere wa, da maki ɗaya.