Gwajin manne a gadon baya da ya gano abin da ke cin yatsuna

Shekara uku ina aikin zuba epoxy (wani ruwa mai kauri da ake haɗawa da wani ruwan ya daskare ya yi tauri) a daɓen ɗakuna da ma'aikatu, lafiya ƙalau. A ta huɗu ne yatsuna suka fara tsagewa, suna fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Na ɗora laifin a kan siminti. In na samu hutu sai abin ya lafa, in na koma aiki kwana biyu ya dawo. Ranar da na tashi na ga fatar idanuna ta kumbura, ranar na nemi likitar fata.

Ta ce gwajin jini ba zai nuna wannan ba, sai gwajin manne. Aka jera mini ƙananan faya-fayen alminiyam a gadon baya, kusan 30, kowanne da ɗigon sinadarinsa, aka bi da filasta aka liƙe. Awa 48 ba a jiƙa bayan, ba aikin da zai sa gumi. Nan na sha wuya, don a dare na biyu ƙaiƙayi ya taso ƙasan kafaɗata ta dama, ga shi an hana ni sosawa.

Da aka cire, ɗan ja ne kawai. Har na fara murna, sai ta ce in dawo bayan kwana biyu, wai irin wannan borin fata ba ya bayyana nan take. Ta kuwa yi gaskiya. A rana ta huɗu wurin ya tashi jawur, da ƙuraje. Ta ɗauki hoto da waya ta nuna mini, ta rubuta ++ a gaban epoxy, alamar cewa fatata ta yi masa bori sosai.

Bayaninta ya fi komai amfani a wurina. Ɗanyen epoxy ne ke jawo matsalar, wanda ya gama daskarewa ba kasafai yake cutarwa ba. Fatar ido siririya ce, tururin da ke tashi lokacin haɗawa ma yana iya taɓa ta. Safar hannu ta latex da na dogara da ita kuwa, sinadarin yana ratsa ta cikin ɗan lokaci. Ta kuma faɗa mini ƙarara cewa jiki in ya kama wannan, ba ya mantawa.

Ƙorafina ɗaya ne. Lokacin da aka ba ni rana, ba wanda ya ce in zo da takardar bayanin sinadaran da ke cikin kayan aikina. Ashe jerin da aka saba gwadawa yana ɗauke da epoxy ɗin ne kawai, ban da ruwan da ke daskarar da shi. Dole na sake komawa zagaye na biyu, wani makon ba aiki. Duk mai niyyar zuwa ya tafi da takardun nan tun farko.

Yanzu ina sa safar nitrile mai kauri da riga mai dogon hannu, haɗawa kuma na bar wa abokin aikina. Yatsuna sun warke. Amma har yau in na shiga ɗakin da aka zuba sabo, fatar idona ce ke fara sanar da ni.